Ci da Sha Bayan Tiyatar Rage Ƙiba: Waiwaye a kan Cimar Ƙasar Yawuri da Gaɓar Tafkin Kainji

Gabatarwa

Maƙasudin wannan maƙala shi ne a bayyana halin da mutum yakan sami kansa a ciki bayan an yi masa tiyatar rage ƙiba, musamman ta fuskar ci da sha, sa'an nan a auna wannan bayani da irin cimar da aka saba da ita a Masarautar Yawuri, watau ƙananan hukumomin Yawuri da Ngaski da Shanga na Jihar Kebbi.

Mai yiwuwa wani daga cikin mahalarta ya tambaya, mene ne amfanin tattauna wannan batu alhali waɗanda aka yi wa irin wannan aiki a yankin ba su taka kara sun karya ba? Amsarmu iri biyu ce. Ta farko, ko da yake 'yan kaɗan ne, akwai masu hali da sukan tafi Legas ko Abuja, ko su ƙetara Indiya ko Masar ko Turkiyya a yi musu aikin. Bayan mako biyu ko uku sai su komo gida riƙe da takardar tsarin abinci wadda aka rubuta domin mutanen wata ƙasa, cike da sunayen abubuwan da ba a kasa su a kasuwar Yelwa. Ta biyu, duk wanda aka yanke wa wani sashe na tumbi saboda gyambon ciki ko ciwon daji, kusan hali ɗaya yake shiga da wanda aka yi wa tiyatar ƙiba. Abin da muke son nunawa shi ne, likita yakan gama nasa aikin cikin sa'a biyu, amma sauran aikin a madafa da bakin akushi ake yin sa, kuma cimar bakin Kainji tana da abin da ake bukata in har an sauya mata tsari.

Abin da Likita Yake Yi wa Tumbi

Asalin wannan tiyata daga maganin gyambon ciki yake. Likitoci sun daɗe da lura da cewa waɗanda aka cire wa babban sashe na tumbi saboda gyambo sukan rame, kuma da wuya su mayar da jikinsu. Wannan lura ce ta sa Edward Mason na Jami'ar Ayowa a Amurka ya fara yin aikin da gangan ga masu matsananciyar ƙiba a shekarar 1966. Daga 1994 aka fara yin sa ta ƙananan huji da na'urar hangen ciki, ba tare da an tsaga ciki gaba ɗaya ba, kuma haka ake yin galibinsa a yau.

Iri biyu ne suka fi yawa. Na ɗaya shi ne wanda za mu kira yankan hannun riga: a yanke kimanin kashi 75 zuwa 80 cikin 100 na tumbin a fitar, a bar siriri mai kama da ayaba. Na biyu shi ne ratse: a keɓe 'yar ƙaramar jaka a saman tumbi wadda ba ta fi girman ƙwai ba, a janyo ƙaramin hanji a haɗa da ita, ta yadda abinci zai tsallake sauran tumbin da farkon hanji. Tumbin baligi yakan ɗauki lita 1 zuwa 1 da rabi. Bayan yankan hannun riga abin da yake ɗauka bai wuce mililita 100 zuwa 150 ba, watau rabin kofin shayi, jakar ratse kuwa kimanin mililita 30 ce da farko. Bugu da ƙari, sashen da ake cirewa shi ne mafi samar da wani sinadari mai suna girelin, wanda masana suka gano a Japan a 1999, kuma shi ne yake aika wa ƙwaƙwalwa saƙon yunwa. Shi ya sa majinyaci yakan yi watanni bai ji yunwa ba, har sai an tuna masa da abinci.

Ba kowane mai teɓa ake yi wa aikin ba. Akwai ma'auni: a raba nauyin mutum na kilo da tsawonsa na mita sau kansa. Alal misali, mai kilo 120 da tsawon mita 1.7, ma'auninsa ya kai 41.5. Ƙa'idar da aka shimfiɗa a Amurka a 1991 ta ce sai wanda ya kai 40, ko 35 in yana da wata cuta kamar ciwon sukari ko hawan jini. A 2022 ƙungiyoyin likitocin wannan fanni suka sauko da ita zuwa 35, ko 30 ga mai ciwon sukarin da ya ƙi jin magani. Amfanin aikin kuwa ba a musun sa. Wani dogon bincike da aka fara a Suwidin a 1987 a kan mutum sama da 4,000 ya nuna a 2007 cewa mace-mace sun ragu da kimanin kashi 29 cikin 100 a tsakanin waɗanda aka yi wa tiyata. Sai dai mu lura, mutanen Suwidin suna da asibiti kusa da gida mai bibiyar su shekara da shekaru.

Makonnin Farko

Tsarin da aka fi bi shi ne, mako biyu na farko ruwa-ruwa kawai, mako biyu na biye abinci niƙaƙƙe mai laushin koko, sa'an nan mako biyu ko fiye na abinci mai taushi, kafin a koma cin na kowa a hankali. Dalili shi ne ɗinkin tumbi yana bukatar kimanin mako shida kafin ya kama sosai. A mataki na farko, romon kifi da aka tace ba barkono, da madarar da aka tafasa, da kindirmo marar sukari da aka tsinka, sun wadatar. A mataki na biyu sai a daka tsokar dafaffen kifi a cikin romonsa, a ƙara da ƙwai mai laushi da waken da aka surfe aka dafa ya narke. Koko da kunu suna shiga da sauƙi, amma za mu ga nan gaba dalilin da ya sa bai kamata su zama ginshiƙi ba. Tafiya a hankali cikin gida tun ranar farko tana hana jini daskarewa a ƙafa. Ɗaukar buhu ko jan koma ko tuƙa kwalekwale kuwa sai bayan mako shida.

A nan akwai wani haɗari da ya keɓanta da ƙasa irin tamu. Mafi munin abin da kan faru a kwanakin farko shi ne ɗinki ya yi yoyo, abin da ke cikin tumbi ya tsiyaya cikin ciki. Alamominsa su ne zazzaɓi, da bugun zuciya da ya haura 120 a minti ɗaya, da numfashi sama-sama, da ciwon ciki ko na kafaɗar hagu. To, a bakin tafki duk wanda jikinsa ya yi zafi, abin da ake fara cewa shi ne zazzaɓin cizon sauro, a tura yaro kemis ya sayo magani, a jira kwana uku a ga abin da hali zai yi. Ga wanda aka yi wa tiyata cikin wata guda da ya wuce, kwana ukun nan su ne tsakanin rai da mutuwa. Zazzaɓinsa na likitan tiyata ne har sai an tabbatar da akasin haka, kuma mutumin Wara ko Shanga ya san asibitin da zai iya sake buɗe irin wannan ɗinki yana Birnin Kebbi ko Sakkwato, tafiyar sa'o'i a mota. Ra'ayinmu shi ne kada majinyaci ya yi gaggawar komowa ƙauye kafin wata guda ya cika.

Tuwo da Kifi

Cimar Bahaushe an gina ta ne a kan hatsi. Tuwo shi ne abinci, miya abin rakiya ce, nama ko kifi kuwa ɗan abin da ake tsinta a ƙarshe ne. A ƙasar Yawuri, inda fadamun Neja suke ba da shinkafa, tuwon shinkafa yana da matsayin da ba a wasa da shi. Wannan tsari ya dace da manomi mai babban tumbi da aikin ƙarfi, domin yana samun abin gina jikinsa ne ta hanyar cin hatsi mai yawa. Ga mai rabin kofi kuwa lissafin ya rushe.

Bari mu yi lissafin. Likitoci sun dace a kan cewa majinyaci yana bukatar aƙalla giram 60 na furotin, watau sinadarin gina jiki, kowace rana. In bai samu ba, jiki yakan koma cin tsokarsa, mutum ya rasa ƙarfi, gashi ya zube, ƙafafu su kumbura. Giram 100 na dafaffiyar shinkafa, wanda shi ne iyakar abin da sabon tumbin zai ɗauka a zama ɗaya, bai ƙunshi fiye da giram 3 na furotin ba. Ke nan ko sau shida mutum ya cika tumbinsa da tuwo a yini, bai kai kashi ɗaya cikin uku na bukatarsa ba. Giram 100 na tsokar kifi kuwa yana ba da kimanin giram 20. Ƙwai ɗaya giram 6 ne, kofin kindirmo kimanin 8. Saboda haka wanda ya ci ƙwai biyu da safe, ya sha kofin kindirmo da hantsi, ya ci kifi da rana da kuma dare, ya cika giram 60 ɗinsa ba tare da ya sayi gwangwanin garin furotin na ƙasar waje ba. Ƙa'idar ita ce a juya tsarin akushi: kifi ya zama na farko, ganye ya biyo baya, tuwo kuwa loma ɗaya ko biyu in an sami sauran wuri.

Ta wannan fuska mutumin Yawuri ya fi na Kano ko Zariya sa'a. Da aka kammala madatsar Kainji a 1968, ruwa ya cinye tsibirai da gonakin Gungawa da maƙwabtansu, aka sake wa kimanin mutum 44,000 matsuguni, amma tafkin da ya samu, mai faɗin fiye da murabba'in kilomita 1,200, ya zama ɗaya daga cikin manyan wuraren kamun kifi na ƙasar nan. Tarwaɗa da giwan ruwa da ragon ruwa suna da tsoka mai laushi da ƙarancin ƙananan ƙayoyi, su ne suka fi dacewa da watannin farko. Karfasa ma tana yi in an bi ta da hannu an tsince ƙaya. Soyayyen kifi da busasshen banda kuwa suna da tauri, suna iya tokarewa, sai dai a jiƙa su a dafa su cikin miya har su saki. Akwai kuma warangi, ƙananan kifayen nan da suka yawaita a tafkin, waɗanda ake shanyawa a sayar da mudu. Mutane sukan raina su, suna ganin abincin talaka ne, alhali da yake har da ƙashinsu ake ci, suna ba da furotin da kuma kalsiyam mai ƙarfafa ƙashi. In an wanke su daga yashi, an daka, an tankaɗe, garinsu yana shiga kowace miya.

Matsala ta biyu game da tuwo ita ce yadda ake cin sa. Tuwo ba a tauna shi. Akan murza loma ne a tsoma ta a miyar kuka ko kuɓewa, santsin miyar ya wuce da ita. A tiyatar ratse ƙofar da ke tsakanin jaka da hanji ba ta fi kaurin ɗan yatsa ba, kuma shinkafa tana da danƙo. Loma guda irin ta da takan tsaya a ƙirji, sai ciwo da yawu mai kumfa da amai. Wajibi ne baligi ya sake koyon ci kamar yaron da ake yaye: loma kamar ƙwayar gyaɗa biyu, a tauna sau 20 ko fiye, a ɗauki minti 20 zuwa 30 a kan abin da bai cika tafin hannu ba, a tsame hannu da zarar an ji nauyi a ƙirji. Tsire da balangu da kilishi da burodi duk suna cikin abubuwan da sukan daɗe ba su karɓu ba. Albasar Yawuri kuwa dafaffiya ba ta da laifi, ɗanya ce takan kumbura ciki a farkon lamari.

Ruwa da Zaƙi

Ana bukatar aƙalla lita 1 da rabi na ruwa a yini, amma ba a iya kwankwaɗa, sai kurɓi-kurɓi daga safe zuwa dare. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafi yake haura digiri 40, bushewar jiki ita ce abin da ya fi saurin mayar da majinyaci gadon asibiti. Ruwan kuma ya zama tafasasshe ko tsarkakakke, domin gudawar da wani zai shanye a tsaye tana iya kayar da wanda ba ya iya mayar da abin da ya fita. Haka nan ba a haɗa ci da sha. A bari sai bayan minti 30 da gama cin abinci, don kada ruwa ya cike wurin abinci ko ya kore shi da wuri.

Mutanen bakin Kainji ba sa bukatar dogon bayani a kan amfanin ƙofar madatsa. A ƙarshen tumbi akwai wata tsoka mai irin wannan aiki, tana sakin abinci cikin hanji kaɗan-kaɗan. Tiyatar ratse tana tsallake ta. In mutum ya sha abu mai zaƙi, sai ya kwarara cikin hanji gaba ɗaya, ya janyo ruwa daga jini. Cikin minti 10 zuwa 30 sai gumi da jiri da faɗuwar gaba da murɗar ciki da zawo. Wani lokaci kuma sai bayan sa'a 1 zuwa 3 sukarin jini ya faɗi warwas, saboda jiki ya saki insulin fiye da kima, mutum ya kama karkarwa har ya kai ga suma. Fura da nono mai sukari, da kunun zaƙi, da zoɓo, da shayi mai madarar gwangwani, da lemon kwalba, duk suna haddasa wannan. Wanda aka yi wa yankan hannun riga bai cika shan wannan wahala ba, amma nasa tarkon daban ne. Abu mai ruwa ba ya tsayawa a sirirn tumbi, saboda haka mutum yana iya wuni yana kurɓar fura da kunu, ya mayar da ƙibarsa cikin 'yan shekaru alhali bai taɓa cin fiye da loma uku ta tuwo ba.

Rashin da Ba Ya Saurin Bayyana

Tumbi ne yake samar da abin da ke sa jiki ya iya tsotse bitamin B12, kuma farkon hanji, wanda ratse yake tsallakewa, nan ne ake tsotse sinadarin ƙarfe mai ƙara jini da kalsiyam. Don haka shan ƙwayar bitamin kullum, da allurar B12 kowane wata uku ga mafi yawansu, da gwajin jini aƙalla sau ɗaya a shekara, abubuwa ne na har abada. Hanta tana da ajiyar B12 ta shekaru, shi ya sa mutum yakan daina magani ya ga bai ji kome ba, sai bayan shekara uku ko huɗu ƙafafu su fara mutuwa, mantuwa ta shigo. Bitamin B1 kuwa ajiyarsa ta mako biyu zuwa uku ce kacal. Wanda ya yi ta amai na makonni yana iya rasa shi, ido ya rikice, tafiya ta zama tangaɗi, hankali ya gushe, abin da dangi za su iya ɗauka iska ce, alhali allura ce maganinsa in an yi hanzari. Farar shinkafar da inji ya goge ba ta da wannan bitamin sosai, wadda aka turara kafin a cashe ta ta fi ta.

Game da ƙarancin jini, mazauna gaɓar tafki suna da ƙarin nauyi. Tsargiya, wadda ake ɗauka ta hanyar shiga ruwan da ke da katantanwa, da tsutsar ciki mai shan jini, da zazzaɓin cizon sauro, duk suna rage jini tun kafin a zo maganar tiyata. Ya kamata a gwada su a magance su kafin aikin da bayansa. Shan shayi tare da abinci ma yana hana ƙarfe shiga jiki. Mace kuma ana ba ta shawara ta jinkirta ɗaukar ciki na wata 12 zuwa 18, magana mai nauyi ga wadda neman haihuwa ne ya kai ta ga tiyatar, kuma haihuwar takan buɗe da zarar nauyi ya fara sauka. Sai maganin ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac da asfirin, waɗanda ake saya a kemis da hannun masu talla kamar alewa: suna haddasa gyambo a bakin ɗinki, har ya huje. Haka taba sigari.

Zaman Jama'a da Azumi

Cikin shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi mutum yakan zubar da kashi 25 zuwa 30 cikin 100 na nauyinsa. A ƙasar da har yanzu ake kallon ƙiba a matsayin shaidar wadata da kwanciyar hankali, inda wasu mata suke shan ƙwayoyin da ake kira sha-ka-fashe don su yi jiki, irin wannan rama ba ta wucewa ba tare da tsegumi ba. Wasu za su ce ƙanjamau ne, wasu su ce sammu ne, wasu su ce maigida ya karye. Dangi kuma, don ƙauna, za su matsa da fura da farfesu da jiƙe-jiƙe. Bahaushe yana cewa ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba, kuma da yawa daga masu wannan tiyata sukan ɓoye ta. A ganinmu ɓoye ta ga mai girki da wanda ake cin abinci tare da shi kuskure ne, domin su ne za su daka kifin, su ne kuma za su ga alamar haɗari tun majinyaci bai gani ba. A akushin tarayya, inda kowa yake sauri, mai tauna sau 20 ko dai ya tashi da yunwa ko ya yi gaggawa ya yi amai. Ba laifi ba ne a zuba masa nasa a ƙaramin kwano ya zauna cikin jama'a.

Azumin watan Ramadan yana bukatar shawarar likita da ta malami. Galibin likitoci suna hana azumi a shekarar farko, domin ruwa da furotin da ake bukata ba sa shiga tsakanin magariba da asuba a tumbi mai rabin kofi, kuma shari'a ta yi wa majinyaci rangwame. Wanda ya wuce wannan lokaci aka yarje masa, sai ya buɗe baki da kurɓin ruwa da dabino ɗaya, ya bar kunun tsamiya mai sukari da ƙosai mai mai, ya jira rabin sa'a, ya ci kifinsa ko ƙwai, sa'an nan ya raba sauran ci da shansa gida uku ko huɗu har zuwa sahur, ya sha ƙwayoyin bitamin ɗinsa a tsakaninsu.